Fastocin Yaƙin Duniya: Yadda Ake Gane Na Asali, a Adana Shi a Yanayin Damagaram, a Buga Kwafin Ratayewa

Ba a buga fastar yaƙi don ta yi shekara ɗari ba. Takarda ce mai araha da gwamnati ke liƙawa a bango don ta ja samari aikin soja, ko ta sa mutane su ba ta rancen kuɗi, bayan ƴan makonni a liƙa wata a kanta. Saboda haka ta asali ta yi ƙaranci, kuma wadda ta tsira tana da rauni ƙwarai. Ƙa'idar aikin gaba ɗaya ita ce: ta asali a kwantar da ita cikin duhu, kwafi shi ne na bango. Duk abin da ke tafe bayanin yadda za a yi hakan ne a garin da zafin Afrilu ke wuce digiri 40, hunturu ya busar da komai, Agusta kuma ya kawo danshi da gara.

Sunan da fasta ta yi a yau ba shi ne aikinta a lokacin yaƙi ba

Wannan shi ne matakin farko na gane jabu, tun kafin ka taɓa takardar. Jar fastar nan ta Ingila mai kambin sarauta, "Keep Calm and Carry On", da ake gani a riguna da kofuna, an buga ta a 1939, kusan kwafi miliyan biyu da rabi. Ba a liƙa ta ba sai a wurare kaɗan, kuma a 1940 aka markaɗe mafi yawanta don a sake yin takarda. Duniya ta san ta ne bayan shekarar 2000, da aka tsinci ta asali guda ɗaya a kantin tsofaffin littattafai na Barter Books a garin Alnwick. Haka ta matar nan mai ɗaurin ɗankwali da ta naɗe hannun riga, "We Can Do It!", wadda J. Howard Miller ya zana: a cikin masana'antun Westinghouse na Amurka kawai aka rataye ta, mako biyu a Fabrairun 1943, sai a farkon shekarun 1980 ta sake fitowa ta yi suna. Girmanta na asali wajen santimita 43 ne da 56. In wani ya miƙo maka ɗaya daga cikin biyun nan a kasuwar Dole ta Damagaram ya ce ta asali ce, kwafi ce, ko ba ka duba ba.

Wasu kuma an buga su da yawan gaske. Ta dattijon Amurka mai doguwar hula da ke nuna ka da yatsa, zanen James Montgomery Flagg na 1917, ta wuce kwafi miliyan 4, a girman wajen santimita 76 da 102. Shi kuma ya ɗauko salon ne daga zanen Lord Kitchener, ministan yaƙin Ingila, da Alfred Leete ya yi wa bangon mujallar London Opinion a Satumban 1914.

Waɗanda suka fi shafar mu na Faransa ne. Damagaram ce hedikwatar mulkin Faransa a Nijar daga 1911 zuwa 1926, kuma an ɗebi soja daga Afirka ta Yamma a yaƙe-yaƙen duniya biyu. Akwai fastar Abel Faivre ta 1916, "On les aura !", ta neman rancen yaƙi. Akwai ta Lucien Jonas ta 1917 don ranar sojojin Afirka da na ƙasashen mulkin mallaka, inda soja baƙar fata ke kan gaba yana kai farmaki. Akwai kuma ta 1941 ta gwamnatin Vichy, wato gwamnatin Faransa da ta haɗa kai da Jamus, "Trois couleurs, un drapeau, un empire", mai fuskoki uku gaban tutar Faransa: Balarabe, Baƙar fata da mutumin Indocin, wato yankin Vietnam na yau da maƙwabtanta. A lokacin nan Nijar tana hannun Vichy har zuwa Nuwamban 1942, alhali Cadi ta bi de Gaulle, jagoran Faransawan da suka ci gaba da yaƙar Jamus, tun Agustan 1940 ƙarƙashin gwamnanta Félix Éboué, Kano kuma tana hannun Ingila. Garinmu yana tsakiyar farfaganda uku ke nan.

Duk da haka, abin da ya fi yiwuwa ya fito daga adakar gidan ɗan mazan jiya ba babbar fasta ba ce. Littafin soja ne, ko takardar lambar yabo, ko katin gidan waya, ko ƴar sanarwa da aka ninke huɗu, ko shafin tsohuwar jarida irin Gaskiya Ta Fi Kwabo da ta fara fita a Zariya a 1939. Waɗannan sun fi kowace shahararriyar fasta daraja wajen tarihin gida, kuma hanyar kula da su ɗaya ce.

Gwajin asali

Kayan aiki uku ne, duk ana samunsu a gari: tef na awo, gilashin ƙara girma mai ninki 10 irin na masu gyaran agogo da waya, da fitilar nan mai shuɗin haske da ƴan canji ke duba jabun kuɗi da ita.

Fara da awo. Manyan fastocin Faransa galibi santimita 80 ne da 120, ko 120 da 160. In takardar ta yi daidai da A3, ko A2 mai santimita 42 da 59.4, bugun zamani ne, domin ba da wannan ma'aunin maɗaba'un Faransa, Ingila da Amurka suke aiki ba a lokacin.

Sai fitila. Ka shiga ɗaki mai duhu ka haska bayan takardar. Daga shekarun 1950 aka soma zuba wa takarda sinadarin ƙara fari, kuma shi ne ke walƙiya da shuɗi mai haske ƙarƙashin wannan fitila. Takardar 1917 ko 1943 ba ta yin haka, tana zama a dushe. Ka ajiye farar takardar hotokwafi a gefe don ka ga bambancin. Amma gwajin nan rabi ne: walƙiya na tabbatar da cewa sabuwa ce, rashin walƙiya ba ya tabbatar da cewa tsohuwa ce, don har yau ana yin takarda marar wannan sinadari.

Gilashin ƙara girma ya fi ba da labari. Fastocin yaƙin farko yawanci bugun dutse ne: kowane launi da nasa dutsen, ana ɗora su ɗaya bayan ɗaya. Ƙarƙashin gilashi za ka ga launi a shimfiɗe, ko tsakuwa-tsakuwa marar tsari kamar zanen alli, kuma a wasu gefuna launi biyu sun ɗan hau juna. In ka ga ɗigo-ɗigo a jere, launi huɗu suna yin ƴan da'irori, hoton fastar aka ɗauka aka sake bugawa. In ɗigon ƙanana ne ƙwarai a warwatse, injin fesa tawada ne na yau. A nan mutane ke kuskure da fastocin Amurka na yaƙi na biyu: su da yawansu tun asali da ɗigo a jere aka buga su, don haka ɗigo kaɗai ba ya kayar da su. A kansu sai a duba ƙananan rubutun ƙasa. A ta asali harufan suna da kaifi, tawada ɗaya ce zalla. A kwafi harufan ma sun farfashe sun zama ɗigo. Yawancinsu kuma an ninke su tun daga maɗaba'a don aikawa ta gidan waya, saboda haka layin ninki alama ce mai kyau, muddin ninki ne na gaske da yatsa ke ji, ba hotonsa ba.

A ƙarshe ka karanta gindin takardar. Ta asali tana ɗauke da sunan maɗaba'a. Ta Faivre, alal misali, Devambez ce ta Paris. Adireshin intanet, layukan farashi na kanti, ko sunan gidan tarihi, duk shaidar kwafi ne. Launin ruwan ƙasa da ya rufe takarda bai-ɗaya, gaba da baya, yawanci ruwan shayi ne. Tsufa na gaske ya fi kama gefuna da layin ninki.

Abin da ke cin takarda a nan

Takardar lokacin yaƙi da niƙaƙƙen itace aka yi ta, tsami yana cikinta tun daga masana'anta, shi ne ke sa ta yi ja ta riƙa karyewa. Zafi na hanzarta wannan aiki, kusan ninki biyu ga kowane ƙarin digiri 10. Don haka ɗakin kwano marar silin shi ne wuri mafi muni. Ɗakin ƙasa mai kaurin bango irin na Birni, tsohuwar unguwar Damagaram, ya fi sanyi da daidaito, sai dai shi kuma gara da yoyo ne matsalarsa. Gidajen tarihi suna neman danshin iska tsakanin kashi 30 zuwa 50 cikin ɗari. A hunturu muna sauka ƙasa da kashi 20, takarda ta bushe ta yi ƙaras. A Agusta muna hawa, kuma da zarar danshi ya daɗe sama da kashi 65 fumfuna ta samu wuri. Ba za ka iya canza yanayin gari ba, amma akwati mai rufi da kyau, cike da takarda da auduga, yana rage saurin wannan hawa da sauka.

Ga abubuwan da ba a yi wa ta asali ko kusa. Ba a liƙe ta cikin leda da injin zafi kamar katin shaida: gam ɗin yana narkewa cikin zaren takardar, ba ya fita, tsamin kuma ya kulle a ciki. Ba a sa mata salatif, don gam ɗinsa yana ratsa takarda ya bar tabo mai maiƙo, ledar ta faɗi tabon ya zauna. Ba a sa gam ɗin kafinta, ba a sa ƙaro, wanda ke tsagewa in ya bushe kuma yana jawo kyankyasai. Ba a goge ta da dutsen guga, ba a fesa mata maganin ƙwari.

Buɗewa, sharewa da miƙarwa

In ka samu takarda a naɗe ko a ninke ta yi tauri, kada ka buɗe ta da ƙarfi, musamman tsakanin Disamba da Afrilu. A layin ninki za ta karye. Hanya mafi sauƙi ita ce haƙuri: ka bar ta sai Agusta, lokacin da iskar gari da kanta ke tausasa ta.

Da farko ka wanke hannu ka busar. Ka share ƙura da buroshi mai taushi sosai, irin na kwalliyar fuska sabo, daga tsakiya zuwa gefe. Dole sharewa ta riga danshi, in ba haka ba jar ƙurar nan ta zama laka ta kama. A farin gefe kawai ake iya murza garin farar roba ta goge fensir, a hankali da yatsa. Kan zane ba a yi.

In dole ne a buɗe ta da rani, sai a yi mata ɗakin danshi. Ka zuba ruwa mai tsabta, ba mai zafi ba, zurfin santimita 2 a babbar roba mai murfi. Ka sa ƙaramar roba ko kwandon roba a ciki, yadda takardar za ta zauna sama da ruwan da aƙalla santimita 10. Ka rufe, ka riƙa dubawa kowane rabin awa, kana share raɓar da ta taru a murfi don kada ta ɗiga. Awa biyu zuwa huɗu yawanci sun isa. In ta yi laushi ta daina ƙara, ta yi. Kada ta kwana a ciki. Takarda mai rubutun hannu ko hatimin tawada mai ruwan shuni tana buƙatar ƙarin lura, domin wannan tawada tana gudu da danshi kaɗan. In ka ga gefen harafi ya soma yaɗuwa, ka fitar nan take.

Bayan ta buɗe, ka kwantar da ita tsakanin takardu masu tsotse ruwa, ko farin yadin auduga da aka wanke ba sitati ba bula. Ka ɗora shafaffen katako ko gilashi mai kauri, sannan littattafai su rufe ko'ina daidai. A ranar farko ka canza takardun sau biyu ko uku, daga nan ka bar ta mako ɗaya zuwa biyu.

Yagewa kuwa, in ba za a riƙa taɓa takardar ba, gara a bar ta a kwance cikin marufi. In dole ne, masu aikin gyaran tsofaffin takardu suna amfani da siririyar takardar Japan da gam ɗin sitatin alkama: awo ɗaya na sitati, awo huɗu zuwa biyar na ruwa, a dafa a kan wuta kaɗan ana juyawa minti 20 zuwa 30 har ya yi sheƙi, ya huce, a tace, a tsinka shi ya koma kamar koko marar kauri. Sitati zalla ake nufi, ba fulawa ba. Ana yaga tsirin takardar da hannu, faɗin santimita 1, a shafa gam kaɗan, a liƙa ta baya, a danne har ya bushe. Amfaninsa shi ne danshi kaɗan yana cire shi. A zafinmu ba ya wuce kwana biyu ko uku bai lalace ba, don haka kaɗan ake dafawa. Liƙa fasta gaba ɗaya a kan yadi, kamar yadda dillalan Turai ke yi, aikin ƙwararru ne. A gida kumbura da tabo yake kawowa.

Ajiya

A kwance ta fi. Kowace takarda da marufinta. In ka samu takarda mai alamar ISO 9706, ita ce ta dindindin. In babu, farar takardar hotokwafi ta fi jarida da kwalin kaya nesa ba kusa ba, sai a riƙa canza ta duk shekara. Ledar da ta dace ita ce foliyesta mai ƙarfi marar wari. Leda mai taushi da warin roba, irin ta murfin takardun makaranta, tana fitar da maiƙo ta kwashe tawada. Ka cire duk ƙusar takarda da fil, don suna tsatsa a damina.

Babbar fasta da ba ta shiga akwati, a naɗe ta a bayan bututu, ba a cusa ta ciki ba. Faɗin bututun ya kai santimita 10, a fara naɗe shi da farar takarda, a naɗe duka da yadin auduga, a ɗaure da tsumma sako-sako. Roba mai ɗaurewa tana narkewa ta manne.

Akwatin ƙarfe ya fi na katako saboda gara da ɓera. A ɗora shi a kan teburin ƙarfe, santimita 15 ko fiye daga ƙasa, 10 daga bango, nesa da randa, taga da wurin da soro ke yoyo. A buɗe a duba sau ɗaya a wata daga Yuni zuwa Oktoba. Hanyar ƙasa a jikin bango gara ce. Fuskar takarda da aka kankare, da ƴan ramuka marasa tsari, aikin asu ne.

In akwai ƙwari a ciki, sanyi ke kashe su. A sa busasshiyar takardar cikin leda, a fitar da iska, a liƙe baki, a saka a firiza mai kai digiri 20 ƙasa da sifiri na mako guda cur. In an fitar, kada a buɗe ledar sai bayan awa 24, don raɓa ta taru a bayan leda maimakon kan takarda. In wuta ta yanke har firizar ta saki, lissafi ya koma farko. In kuma ruwa ne ya jiƙa ta, kana da kamar awa 48 kafin fumfuna ta tashi: a shimfiɗa a inuwa kan yadi, a kunna fanka, a raba takardu masu sheƙi tun suna jiƙe don in sun bushe tare sun manne ke nan. Rana ba wurin shanya ba ce.

Kwafin bango

Shahararrun fastocin nan ba sai ka saya ba. Laburaren Majalisar Dokokin Amurka ya sa kusan fastoci 1,900 na yaƙin farko a intanet, har da na Faransa, da yawansu a babban fayil. Shafin Gallica na Laburaren Ƙasa na Faransa shi ma yana da su. Ka karanta bayanin haƙƙin mallaka da ke ƙarƙashin kowane hoto, musamman in sayarwa za ka yi. Haƙƙin yana da alaƙa da daɗewar rasuwar mai zane: Leete ya rasu a 1933, Faivre a 1945, Jonas a 1947, amma ba kowane mai zane ne ya daɗe da rasuwa haka ba.

Girman fayil shi ne inda aiki ke lalacewa. Don A2 kana buƙatar aƙalla ɗigon hoto (pixel) 2,480 da 3,508. Don A1, 3,508 da 4,967. Hoton da aka kwafo daga Facebook ko aka turo a WhatsApp an matse shi, a waya yana da kyau, a takarda sai ya fito dishi-dishi. Ka kai fayil a kan kebul ko ƴar ma'ajiya, ko ka tura shi a matsayin takarda ba hoto ba.

Ka gaya wa mai bugawa kada ya ja hoton ya cika takarda, in ba haka ba fuskoki su faɗaɗa. Fastar Faransa mai 80 da 120, a kan A2, ta zama santimita 36 da 54, saura farin gefe. Ta Flagg ta zama 38 da 50.7. Ka nemi takarda marar sheƙi mai nauyin giram 170 zuwa 200; tsofaffin fastoci ba sa ƙyalli, kuma ledar tallar siyasa tana ɓata kamanninsu. Ka tambayi irin tawadar injin: mai garin launi ta fi mai rini jure haske. Kafin a buga duka, a buga yanki ɗaya mai fuska da ja a kan A4 a duba da hasken rana, don ja ne ya fi kauce wa abin da allon kwamfuta ya nuna.

In takardar gidanku ce za ka kwafa, ka ɗauki hotonta a inuwa mai haske, waya a miƙe daidai sama da tsakiyarta, ba filasha, da rula a gefe don a san girma.

A gindin kowane kwafi a ƙara layi ɗaya: sunan mai zane, shekarar asali, da cewa kwafi ne na shekara kaza. Wannan yana hana wani ya sayar da shi gobe a matsayin na asali. In a aji ko laburare za a rataye, layin ya ƙara faɗin wanda ya buga da abin da yake nema. Fastar Jonas da ta Vichy suna da kyan zane, amma Turawan mulki ne suka zana mu yadda ya dace da buƙatarsu, kuma ɗalibi ya cancanci ya san hakan. Masu alamar Nazi kuwa ba kayan adon falo ko shago ba ne. A Jamus da Faransa ma doka ta taƙaita nuna su.

Firam

Kada takarda ta taɓa gilashi. A damina raɓa na taruwa a cikinsa, tawada ta manne. Kafinta ya sa siririn katako ko kwali mai kaurin milimita 3 zuwa 5 a kewaye, tsakanin gilashi da takarda. Gilashi ya fi roba mai haske a nan, don robar tana jawo ƙura kuma tana karcewa wajen sharewa. Falankin baya yana fitar da tsami, saboda haka a rufe shi da takardar alminiyam ta girki, sannan farar takarda, sannan fastar. A maƙale ta ta sama kawai da ƴan tsirin takarda biyu ko uku. In an liƙe ta ko'ina, ba ta da wurin miƙewa da danshi sai ta yi tudu-tudu. A liƙe bakin firam ta baya da tef na takarda saboda hazo, a manna ƴan roba biyu a ƙusurwoyin ƙasa don ya ɗan rabu da bango iska ta wuce.

In dole sai an nuna ta asali, a taron makaranta ko na iyali, a zaɓi bangon da rana ba ta kaiwa, nesa da madafa, kuma kada ta wuce wata uku a shekara, domin gilashin taga na yau da kullum ba ya tare mafi yawan hasken da ke kashe launi. Kafin a mayar da ita akwati, a rubuta a kan marufin, da fensir, sunan wanda ya mallake ta, inda aka same ta, girmanta da ranar da aka duba ta.